Za a iya mayar da shari'ar korar ɗan haya kotun tarayya a Amurka?

Tambaya: Malam, ina zaune a Atlanta, jihar Jojiya. Mai gidan da nake haya ya kai ni kotun majistare saboda bashin haya na wata uku, yana neman a fitar da ni. Wani ya ba ni shawarar in mayar da shari'ar kotun tarayya, tunda ina ganin yana nuna mini wariya. Hakan zai yiwu?

Amsa: Ɗan'uwa, takardar mayar da ƙarar kam za ka iya shigarwa, amma da wuya ta yi kwana biyu a can. Alƙalan tarayya a Atlanta sun saba ganin irin wannan, kuma galibi suna dawo da ita kotun da ta fito.

Dokar da ta ba da wannan dama ita ce sashe na 1441 na kundi na 28 na dokokin Amurka, kuma sharaɗinta shi ne ƙarar ta kasance wadda tun farko kotun tarayya ke da hurumin saurarenta. Hanya ta farko ita ce ƙarar ta tsaya kan dokar tarayya. A nan ne mutane suke ruɗewa. Alƙali takardar mai ƙara yake dubawa, ba kariyar wanda ake ƙara ba. Kotun Ƙoli ta kafa wannan tun 1908 a shari'ar Mottley, ta sake jaddadawa a shari'ar Caterpillar ta 1987. Mai gidanka ya kawo ƙara ne bisa dokar haya ta Jojiya, don haka ko da ka kawo dokar hana wariya a harkar gidaje ta 1968, ta zama kariya ce ko ƙarar martani, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke ba kotun tarayya hurumi.

Hanya ta biyu, ku kasance 'yan jihohi daban-daban, abin da ake jayayya a kai kuma ya haura dala 75,000. Hayar wata uku ba ta kai nan ba, kuma kotuna ba sa lissafa kuɗin gidan gaba ɗaya, tunda zama a cikinsa ake jayayya a kai ba mallakarsa ba. Ƙari a kan haka, ɗan jihar da aka kai ƙara a jiharsa ba ya bin wannan hanyar.

Akwai sashe na 1443 na haƙƙin ɗan'adam, amma Kotun Ƙoli ta ƙuntata shi sosai a 1966: sai ka nuna cewa dokar jihar ce kanta za ta hana ka haƙƙin daidaito tsakanin jinsuna na launin fata. Zargin da kake yi wa mai gida shi kaɗai bai isa ba.

Na san abin da ke jan mutane: da zarar an shigar da sanarwar mayar da ƙarar, kotun jiha za ta dakata. Amma jinkirin ɗan kaɗan ne, ga kuɗin shigar da ƙara, kuma alƙali na iya sa ka biya kuɗin lauyan mai gida idan ya ga ba ka da hujja mai ma'ana. Umarnin dawo da shari'ar ma galibi ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Abin da ya fi gaggawa shi ne amsar sammaci. A Jojiya kwana bakwai kawai ake ba ka, in ka bari suka wuce, a yanke hukunci ba tare da jin ta bakinka ba. Ka rubuta kariyarka a cikin amsar, ka nemi ofishin lauyoyin taimakon marasa ƙarfi na yankinka. Batun wariya kuma kana iya kai kokensa daban ga ma'aikatar gidaje ta tarayya cikin shekara ɗaya.