Ga mai son zama farfesan motsin ruwa da iska

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin injiniya, kana so in haɗa ka da wani farfesa a nan Ingila ka yi digirin digirgir kan motsin ruwa da iska, daga nan kai ma ka zama farfesa. Ba kai ne na farko ba, kuma dukanku kun iya tsallake tsakiyar maganar.

Yaya lissafinka? Fannin nan kacokan a kan lissafin Navier-Stokes yake tsaye, wato lissafin da ke bayyana yadda ruwa da iska ke motsi. Tun 2000 cibiyar Clay ta Amurka ta ajiye dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware matsalar da ke cikinsa, har yau kuɗin na nan. In dai da kyar ka haye lissafin aji uku na jami'a, ka sake tunani.

Za ka ji ana cewa Osborne Reynolds ya zama farfesan injiniya a Kwalejin Owens ta Manchester a 1868 yana ɗan shekara 25. Gaskiya ne, amma sai 1883 ya fitar da gwajin da ake tuna shi da shi: ya saki siririn rini cikin ruwan da ke bin bututun gilashi. Ruwan na tafiya a hankali, rinin ya miƙe kamar zare. Da gudu ya ƙaru, sai ya tarwatse. Wannan hargitsin ne har gobe muke ci da shi.

Zamanin Reynolds ya wuce. Yanzu digirin shekara uku zuwa huɗu ne, sai kwantiragin bincike na shekara biyu ko uku, ɗaya bayan ɗaya, gari bayan gari, kafin ma a kira ka lakcara. Wannan shi ya fi ci mini rai. A wata jami'a ni na haɗa na'urar gwajin da hannuna, ni nake zuwa da asuba cikin hunturu ina toshe yoyo, ina goge ruwa a ƙasa. Kuɗin binciken na ƙarewa aka ce an gode, alhali bizata a ɗaure take da aikin, ga iyali. Kujerar da nake kai yau ba wanda ya ba ni ita kyauta.

Shi kansa farfesan da kake hange, da wuya ya leƙa ɗakin gwaji. Yana ofis yana rubuta takardun neman tallafi, yawancinsu a dawo masa da su.

Ka kuma sani fannin na shafar jiragen sama da makamai, don haka sai ka sami takardar izinin ATAS, ta tantancewar gwamnatin Birtaniya, kafin biza, ita kuwa ba ta sauri.

Ba zan rubuta wa kowa ba tukuna, sunana ne zai ɓaci. Manhajar OpenFOAM ta kwaikwayon motsin ruwa kyauta ce, ka sauke ta a kwamfutarka, ka kwaikwayi ruwa a cikin bututu, ka bayyana mini abin da ke faruwa idan lambar Reynolds, wato ma'aunin da ke nuna ko ruwa zai tafi a miƙe ko zai hargitse, ta haura wajen 2,300. Ka turo da sakamakon jarrabawarka duka, har da darussan da kake ɓoyewa.