Hoton baƙi da fari ya koma kore, wace tawada ce mai daɗewa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda, muna da tsoffin hotunan kakanmu baƙi da fari tun zuwansu Makka, na yi sikanin ɗinsu na buga da firinta ta mai tanki mai kala shida na rataye a majalisi. Ko shekara biyu ba a yi ba sun fara kore-kore. Dan Allah wace tawada zan saya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan magabata. Tawadar firinta iri biyu ce. Akwai ta rini wadda a kwali ake rubuta dye, narkakkiya ce a ruwa, tana fito da kala rau amma haske da zafi da iska suna cin ta. Sai kuma figiment, ita ƙananan ƙwayoyin gari ne masu zama a takarda, sun fi juriya nesa ba kusa ba. Galibin masu tankin nan masu kala shida rini ne a ciki, kuma baƙi ɗaya tal gare su, to in firintar za ta fitar da ruwan toka na fuska ko na rawani sai ta gauraya shuɗi da ja da rawaya, su kuma ba tare suke koɗewa ba, da jan ya fara tafiya sai kore ya fito fili. Abin da ka gani kenan a bango.

Baƙin figiment kuwa kabon ne, dangin gawayi, kamar dai tawadarmu ta allo da ake haɗawa da ƙaro, rana ba ta koɗar da ita. Shi ya sa abin nema shi ne firinta mai figiment wadda ke da baƙi da ruwan toka nata na kanta. Epson SureColor P700 da P900 da suka fito a 2020 tawada 10 gare su, ciki har da baƙi biyu da ruwan toka biyu, baƙi ɗaya na takarda mai sheƙi ɗayan na marar sheƙi. Canon imagePROGRAF PRO-300 ita ma figiment ce, amma a kula PIXMA PRO-200 rini ce duk da sunan ya yi kama. Wajen bugawa a zaɓi tsarin baƙi da fari a cikin direba, wato manhajar firintar da ke kwamfuta, a Epson sunansa Advanced B&W, kar a bar shi a na kala.

Takarda ma da nata. Wadda ta cika fari tas har tana ɗaukar ido an sa mata sinadarin haskakawa ne, in ya mutu sai ta yi rawaya-rawaya. Nemi ta auduga marar asid irin Hahnemühle Photo Rag, sannan a sa hoton a firem mai gilashi nesa da taga, don laimar Jidda da hayaƙin turaren wutan da ba ya yankewa a majalisi duk takarda suke bi.

Amma ni a ganina in hotunan ba su wuce goma ashirin ba kar ka zuba riyaloli a firinta, kai fayil ɗin sutudiyon da ke buga figiment, ka tambaye su sunan injin da takardar kafin ka biya.

TAMBAYA: Wata 'yar'uwa daga Shara Mansur a Makka ta ce, ba za a iya juye tankin a zuba figiment ba kawai?

AMSA: Hajiya ban ba ki shawara ba. Kan firintar mai fesa tawada ba don garin figiment aka yi shi ba, toshewa zai riƙa yi, kalar ma ba za ta zauna daidai ba, garanti kuma ya tafi. Ko mai figiment ɗin ta asali in aka bar ta makonni ba aiki a ɗakin da esi ke busar da iska sai ta toshe, sai dai a riƙa buga ko ɗan shafi ɗaya duk sati a kuma rufe ta saboda ƙura.