Ambato Daban, Dogaro Daban: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayar farko daga wata ɗaliba ce mazauniyar Gwale, mai karatun digiri na biyu a Jami'ar Bayero. Ta ce: "Malam, Allah ya ƙara lafiya. An ba ni aikin rubuta taƙaitaccen tarihin wani masanin yanayi mai binciken ƙanƙarar Antatika, za a karanta a rediyo da Hausa. A Google Scholar na ga yawan maƙalun da ya buga, da wani adadi da 'yan jami'a ke kira saiteshin, da wani ma'auni mai harafin h. Na rubuta cewa an yabe shi sau dubbai, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Wace kalma ce ta dace?"

'Yata, gara da zuciyarki ba ta kwanta ba, domin yabo ba shi ne ake ƙirgawa a wurin ba. Abin da na'ura ke yi shi ne, duk lokacin da wani marubuci ya sa maƙalar wannan masani a jerin manazartarsa, sai ta ƙara masa ɗaya. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kawo shawarar irin wannan ƙidaya a 1955, kuma kundinsa na ƙididdigar ya fara shiga hannun jama'a a 1964. Na'urar ba ta karanta dalilin da ya sa aka kawo sunan mutum. Wani ya kawo shi don ya gina a kan aikinsa, wani don ya ƙaryata shi, wani kuwa bai ma buɗe maƙalar ba, a jerin wani ya tsince ta. Duka ɗaya-ɗaya ake ba su.

Kalmar da ta yi daidai da wannan ita ce ambato. Idan aka ce miki "an ambace ki jiya a gidan biki", ai sai kin tambaya, da alheri ko da me? Kalmar ba ta ɗaukar ɓangare, shi ya sa ta dace da adadin da kika gani. Ki ce an ambaci ayyukansa sau kaza, kin faɗi gaskiya ba ƙari.

Dogaro kuwa ya fi nauyi. Tsoho yana dogara sanda, idan aka zare ta sai ya faɗi. Daga nan muka sami madogara, wato abin da magana ta jingina da shi. Malamanmu na zaure sun daɗe da wannan tsari tun kafin boko ya zo. Wanda ya taɓa zama a gaban malami a Madabo ya san ba a sakin magana haka kawai, sai an ce mai littafi ya ce, ko wane ya naƙalto daga wane, ko an kafa hujja da kaza. Masu ilmin hadisi suna da isnadi, inda ake bin maruwaita ɗaya bayan ɗaya. Har a hirar bakin titi muna da 'yar kalmar nan "in ji", wadda ke mayar da magana ga mai ita. Saboda haka idan kina nufin aikin da malami ke yi lokacin da ya jingina bayaninsa da na wani, ki ce ya kafa hujja da shi, ko ya dogara da shi.

Bari in ba ki misali daga fannin da kike rubutu a kai. A tashar Vostok ta Rasha da ke tsakiyar Antatika, inda aka taɓa auna sanyin da ya kai digiri 89.2 ƙasa da sifili a 1983, masana daga Rasha da Faransa da Amurka sun haƙa ƙanƙara har zurfin mita 3,623. Suna zaro ta ne doguwa-doguwa kamar gora, kuma a cikinta akwai 'yan ƙananan kumfa na iskar da ta maƙale tun zamanin da dusar ƙanƙarar ta zuba. Da wannan kumfa suka karanta tarihin iskar kabon, da ƙanƙarar kanta kuma tarihin zafi, na shekara 420,000, suka buga sakamakon a mujallar Nature a 1999. Duk wanda ya zo daga baya yana son kwatanta iskar yau da ta da can, sai ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma ko na haƙar Turai da ta biyo baya, wadda ta kai shekara 800,000. Wannan dogaro ne na ainihi, sandar da idan aka zare magana za ta faɗi.

Amma ki lura da wani abu. Sunan mutum 19 ne a kan wannan maƙala, kuma duk ambaton da aka yi mata, kowane ɗayansu ana rubuta masa shi cikakke. Binciken ƙanƙara aikin gayya ne, ba mai iya yin sa shi kaɗai. Kuma masu tuƙa motocin jan kaya da masu gyaran inji da masu girki, waɗanda suka sha sanyin tare da masanan, ba a cika ganin sunansu a ko'ina ba. Ina so masu sauraron rediyonki su ji haka, don kada su ɗauka mutum ɗaya ne ya haƙa rijiyar.

Kalma ta uku ita ce tasiri, kuma ita ce na fi jin takaicin yadda ake haɗa ta da adadi. Tasiri shi ne abin da aiki ya sauya a duniya. A 1985 wasu masana uku 'yan Birtaniya, Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, suka buga wata gajeruwar maƙala da ta nuna cewa iskar ozon da ke kare mu daga miyagun haskokin rana ta yi matuƙar raguwa a saman tasharsu ta Halley. Shekara biyu bayan haka, a 1987, ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal don daina amfani da sinadaran da ke cinye ta. Ki je Sabon Gari ki tambayi tsofaffin masu gyaran firji, za su gaya miki gas ɗin da suka koyi aiki da shi, R12, an daina shi, wani ake ɗurawa yanzu. Maƙalar da aka rubuta kan sararin Antatika ta shigo har shagonsu, kuma babu na'urar da ta ƙirga wannan.

Shi kuwa ma'aunin h, wani masanin fizik a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005. Idan aka ce h ɗin mutum 30 ne, ana nufin yana da maƙalu 30 waɗanda kowace an ambace ta aƙalla sau 30. Hausawa sun riga sun faɗi hikimar da ke bayansa, da suka ce yawan mutane shi ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba. Maƙalu su ne rumfuna, masu ambato su ne 'yan kasuwa. Mutum zai iya kafa rumfa ɗari ba mai leƙawa. Sai dai ma'aunin yana da nasa aibin. Wanda ya rubuta maƙalu uku kacal a rayuwarsa, ko da an ambaci kowace sau dubu goma, h ɗinsa ba zai wuce 3 ba. A Kantin Kwari kuwa kowa ya san shago ɗaya na iya yin cinikin da layi guda bai yi ba. A rediyo ba sai kin kawo harafin ba, ki ce yana da maƙalu kaza da kowace aka ambata sau kaza ko fiye.

Tambaya ta biyu daga wani malamin jugurafi ce a wata sakandare da ke Dala. Ya ce ya ga an rubuta "sandar arewa" da "sandar kudu" a wata takarda, ɗalibansa suka yi ta tambayar ina sandar take. Kuma yana ganin kalmar ƙanƙara ta yi kaɗan ga abubuwa da yawa.

Malam, ɗalibanka suna da gaskiya. Babu sanda a can, an ɗauko kalmar ne daga wani harshe aka dasa ta yadda take. Ni na fi son ƙurya, kamar yadda muke cewa ƙuryar ɗaki, wurin da ba gaba. Ƙuryar arewacin duniya, ƙuryar kudancin duniya, yaro zai gane nan take.

Ƙanƙarar da kakanninmu suka sani ita ce mai faɗowa daga sama a farkon damina, wadda yara ke rugawa tsakar gida suna tsinta a kwano. Da firji ya zo, sai sunan ya bi dunƙulen da ake sayarwa da azumi, a lulluɓe da buhu. Wadda ke zuba a ƙasashen sanyi kuma aka ga ta yi kama da dusa wajen laushi, aka ce dusar ƙanƙara. Harshen bai gaza ba, ƙari kawai ake yi wa kalmar. Bambancin da na fi so ka riƙe shi ne tsakanin ƙanƙarar teku da ƙanƙarar tudu. Aktik, wato ƙuryar arewa, teku ne da ya daskare, ƙasashe sun kewaye shi. Tauraron ɗan Adam yana auna faɗin ƙanƙararsa tun 1979, kuma a Satumban 2012 ta ragu zuwa kusan murabba'in kilomita miliyan 3.4. Antatika kuwa, wato ƙuryar kudu, da babban tsibirin Girinlan da ke arewa, tudu ne da ƙanƙara ta danne. Ka sa dunƙulen ƙanƙara a kofin ruwa a gaban aji, ka yi alama da biro, idan ta narke ruwan yana nan kusan inda yake, haka ƙanƙarar teku take. Sannan ka ɗora wani dunƙulen a kan rariya bisa kofin, su ga ruwan yana hawa, haka ta tudu take. Ta Girinlan kaɗai idan ta narke duka, teku zai ƙaru da kusan mita 7. Ita kuma wadda ke rarrafowa daga tudu zuwa teku a hankali, kogin ƙanƙara ya ishe ta suna.

Ta ƙarshe daga wani matashi ce a Fagge. Ya ce ana gaya musu kada su kafa hujja da aikin da ya wuce shekara goma, to ina matsayin "da tsohuwar zuma ake magani"?

Ɗana, karin maganar na nufin akwai abin da daɗewa ke ƙara wa daraja, kamar shawarar dattijo ko tsohon amini. Ba ta ce duk tsohon abu magani ne ba, zuma ta ce, wato abin da tun asali mai kyau ne. Idan alƙaluman bana kake nema, malaminka ya yi daidai, sabon aiki za ka duba. Idan kuwa tushen magana kake bi, dole ka koma ga wanda ya fara faɗa. A 1978 John Mercer na Jami'ar Jihar Ohayo ya rubuta a Nature cewa ƙanƙarar Yammacin Antatika, da yake gindinta yana ƙasa da matakin teku, ɗumamar yanayi na iya rusa ta, teku ya ƙaru da wajen mita 5. Da yawa a lokacin sun ga ya cika tsoratarwa. Ya mutu a 1987. A 2014 ƙungiyoyin masana biyu a Amurka suka buga sakamakon da ya nuna kogunan ƙanƙarar wannan yanki, har da Thwaites, suna ja da baya ta irin hanyar da ya ji tsoro. Idan kan wannan batu kake rubutu, ka kawo Mercer a farko da shekararsa, ka bi shi da na 2014 da waɗanda suka biyo baya, sannan ka kai wa malaminka ka nuna masa dalilin da ya sa ka jera su haka.