Tambaya da Amsa: Wai za a rufe asusun fanshona

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne mai ritaya a nan Daura. Shekaranjiya saƙo ya shigo imel ɗina da tambarin bankina, wai in ban sabunta BVN cikin awa 24 ba za a rufe asusun da fanshona ke shiga. An sa wani shuɗin rubutu an ce in latsa. Jikana ya ce kada in taɓa. Gaskiyarsa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiyar jikanka ne, saƙon 'yan damfara ne, Allah ya yi masa albarka.

Ita BVN, lambobin nan 11 da Babban Bankin Najeriya ya kawo a 2014, ba ta ƙarewa balle a sabunta ta. In akwai gyaran suna ko lambar waya, a reshen banki ake yi, kai da ƙafarka. Awa 24 ɗin nan kuwa an sa ta ne don gabanka ya faɗi ka latsa kafin ka yi shawara da kowa. Tambari ba shaida ba ne, yaro ma zai iya kwafo shi.

Ranka ya daɗe, taɓa sunan wanda ya aiko saƙon, adireshinsa zai fito. In ka ga ya ƙare da gmail.com ko yahoo.com, ba banki ba ne. Sannan ka ɗora yatsa kan shuɗin rubutun ka riƙe, kada ka saki da sauri, waya za ta nuna maka inda zai kai ka. Tsallake https:// da ke farkon adireshin, ka karanta har zuwa karan farko mai jirge (/) da ya biyo baya. Sunan da ke dab da karan shi ne mai gidan. Shafin Babban Banki cbn.gov.ng ne. Amma in ka ga cbn.gov.ng.sabunta-bvn.com, to gidan na mai sabunta-bvn.com ne, sunan farkon ado ne kawai. Wani lokaci sifiri suke sawa a madadin harafin o, ko r da n a manne su yi kama da m. Hoton kwaɗon da ke saman shafi ma kada ya ruɗe ka, su ma suna samunsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda suke sa mutum ya buɗe musu ƙofa da hannunsa. Shafin zai nemi lambar katinka, da lambobi 3 na bayansa, da PIN. Kana gama cikewa sai OTP, wato lambar sirrin da banki ke turowa don amfani sau ɗaya, ta shigo wayarka, kuma daga bankinka na gaskiya ta fito, domin a daidai lokacin ɓarawon yana can yana ƙoƙarin cire kuɗi da bayananka. Kana rubuta masa ita, shi ke nan, fanshon wata ya tafi. Babu ma'aikacin bankin da ke da hurumin tambayarka PIN ko OTP, ko a imel, ko a waya, ko a WhatsApp.

Wanda ya riga ya cike, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya kira lambar da ke bayan katinsa nan take a toshe katin, ya canza kalmar sirrin imel ɗinsa, gari na wayewa ya nufi reshe.

Kai kuwa Baba, ka ba jikan wayar ya danna ɗigo ukun da ke saman saƙon ya zaɓi Report spam. In har yanzu hankalinka bai kwanta ba, shiga banki da katin shaidarka su duba maka asusun a gabanka.