Beaulieu biyu a gida ɗaya: dangi ne, ko suna ne ya zo ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Montreal, maiɗakina 'yar Kebek ce, kuma ina so in rubuta wa yaranmu salsalarsu ta wajen uwa. Surukina Beaulieu ne, kakar maiɗakina ta wajen uwa ita ma Beaulieu ce. Da na ƙara komawa baya sai na ga wani kakan a wata takarda Beaulieu, a wata kuma Hudon. Gida ɗaya ne? Ta ina zan kamo bakin zaren?

Amsa: Wa alaikumus salam. A binciken zuri'ar Faransawan Kanada suna kaɗai ba ya zama hujja. Abin da ke ɗaure ɗa da iyayensa shi ne takardar ɗaurin aure.

Mu fara da Hudon ɗin da ya rikita ka. Mutanen wancan zamani suna da laƙabi da ake maƙala wa sunan gida da kalmar dit, ma'ana "wanda ake ce wa". Ya fi yawa a wajen sojoji. Rundunar Carignan-Salières da ta iso Kanada daga Faransa a 1665 da mutum wajen 1,200, kimanin 400 daga cikinsu suka zauna, da yawansu da laƙubba irin su Lafleur da Jolicoeur. Pierre Hudon dit Beaulieu ya auri Marie Gobeil a 1676, suka zauna a Rivière-Ouelle. Jikokinsu sun daɗe ana rubuta su da suna biyun, kafin daga baya wani reshe ya riƙe Hudon, wani ya riƙe Beaulieu. To kakan naku mai yiwuwa mutum ɗaya ne da suna biyu. Amma fa ba gidan Hudon ne kaɗai ya ɗauki laƙabin Beaulieu ba, don haka Beaulieu ɗin kakar tana iya fitowa daga wani tushe dabam. Kamar mutum biyu ne a wajenmu da ake ce wa kowannensu Katsina, alhali ba su haɗa ko maƙwabtaka ba.

Sunayen ma ba halinsu ɗaya ba. Kusan duk wani Tremblay na Kebek daga Pierre Tremblay da Ozanne Achon ya fito, waɗanda suka yi aure a 1657. Roy kuwa mutane da dama ne suka zo da shi daga sassan Faransa daban-daban, ba abin da ya haɗa su.

Yanzu aikin kansa. Fara da auren da kake da tabbacinsa, na surukanka, ka riƙa komawa baya aure bayan aure, ba tsallake. Fada, wato limamin coci, yakan rubuta sunan ango da amarya, da iyayen kowannensu, da cocin da suke. Gatan da mai bincike ya samu a nan shi ne mace tana riƙe sunan gidan ubanta a takardu har mutuwa. Saboda haka kada ka nemi "Joseph Beaulieu", za ka samu bila adadin. Nemi auren Joseph Beaulieu da wance, sunaye huɗu tare, nasa biyu nata biyu. Idan ka same shi, zai ba ka ma'aurata biyu na gaba.

Inda zaren ya fi tsinkewa shi ne aure na biyu. Idan ka ga veuf ko veuve, wato wanda matarsa ta rasu ko wadda mijinta ya rasu, galibi ba a ambaci iyaye ba, sunan mamacin kawai aka sa. Dole ka nemo auren farko, can iyayen suke. Idan rajistar cocin ta ƙone ko ta ɓace, akwai kwafi na biyu da ake kai wa kotu, akwai kuma yarjejeniyar aure da notaire, wato mai rubuta takardun shari'a, ke rubutawa kafin biki, ita ma da sunayen iyaye. Ma'ajiyar BAnQ, wato ma'ajiyar takardun tarihi ta Kebek, ce ke riƙe da tsofaffin irin waɗannan.

Wasu tarkunan ƙanana ne amma suna kayar da mutum. Yara mata da yawa Marie ne a takardar baftisma, maza kuma Joseph, sunan da ake kiransu da shi yana biye. Idan jariri ya rasu akan mayar da sunansa ga mai bi masa, don haka duba takardun jana'iza kafin ka ɗauki baftismar farko da ka gani. Shekarun da aka rubuta wa mamaci kintace ne. Rubutun suna kuma yadda kunnen fada ya ji ne, shi ya sa Guyon ya koma Dion a wasu rassan.

Idan ka ga layin surukinka da na kakar sun haɗu a kan ma'aurata ɗaya, ba kuskure ka yi ba. Ƙidayar 1666 mutum 3,215 kawai ta samu a mazaunin Faransawan, kuma waɗanda suka kafa zuri'a gaba ɗaya ba su wuce wajen 10,000 ba. Hawa goma baya, kowa yana da gurbin kakanni 1,024, dole wasu su maimaitu. A wancan zamani Cocin Katolika ta hana auren zumunci har daraja ta huɗu sai da izini, kuma fada yakan rubuta wannan izini a cikin takardar auren. 'Ya'yan wa da ƙani daraja ta 2 ne, jikokin wa da ƙanin ta 3, tattaɓa-kunne ta 4. Idan ka ga "3 zuwa 4", an faɗa maka hawa nawa za ka koma ta kowane ɓangare ka tarar da kakan da suka haɗa. A ganina babu alamar da ta fi wannan amfani wajen raba gidaje biyu masu suna ɗaya a ƙauye ɗaya.

Wajen kayan aiki, rumbun PRDH na Jami'ar Montreal ya riga ya haɗa iyalai tun daga 1621 zuwa tsakiyar ƙarni na 19, tarin Drouin kuma yana da hotunan rajistocin har wajen 1940. Ƙamus ɗin Tanguay mai juzu'i 7 ya tsufa kuma yana da kurakurai, ka ɗauke shi ɗan jagora, ka tabbatar da hoton asalin takardar. Salsalar da mutane ke ɗorawa a intanet kuwa yawanci kwafar juna suke yi, har da kuskuren.

Gwajin DNA ba zai warware maka wannan ba. Saboda yawan auratayya, yakan nuna mutane sun fi kusanci fiye da yadda suke, domin sun haɗu ta hanyoyi da yawa masu nisa. Idan kuma wani reshe ya ɓace maka tsakanin 1840 da 1930, leƙa garuruwan masaƙu na arewa maso gabashin Amurka kamar Lowell da Woonsocket, inda dubban ɗaruruwa suka tafi ci-rani. A can Roy yakan koma King, Boisvert ya koma Greenwood, sai ka nemi sunan matar tare da nasa ka gane su.