Yaron da leɓensa ke kumbura in ya ci gyaɗa

'Yar'uwa, sannu da jinya. Kin ce ɗanki leɓensa kan kumbura, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini duk ran da ya ci miyar gyaɗa, kina tambaya ko ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har ya saba. Don Allah kar ki gwada wannan a gida. Kumburin leɓe na yau, gobe yana iya sauka maƙogwaro.

Ki janye gyaɗa gaba ɗaya tukuna. Wahalar ita ce a zangon Kumasi gyaɗa ɓuya take: yajin tsiren da ake barbaɗawa a unguwar Aboabo ƙuli-ƙuli ne aka daka a ciki, ga kunun gyaɗa, ga ludayi ɗaya da mai abinci ke tsomawa tukunya biyu. Ki gaya wa malamansa na makaranta da na Islamiyya, da kakarsa musamman, don kakanni ba sa iya hana jika.

Maganin nan Cetirizine yana kwantar da ƙaiƙayi da borin jini kawai. In murya ta dishe, numfashi ya yi wuya, ko ya yi ta amai yana laushi, allurar adiranalin a cinya yake buƙata nan take. Ki kira lambar gaggawa 112 ko ku ruga asibiti mafi kusa, ba jiran jiƙo.

Ki kai shi asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, likitan yara ya duba shi.