Yadda Atari 2600 ke jefa dayis

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda tsohuwar na'urar wasa irin Atari 2600 ke fitar da lambar dayis, daga 1 zuwa 6, ba tare da mai wasa ya iya cankarta ba.

Na'urar ba ta da sashen da ke zaɓo lamba haka kawai. Ta fito a 1977 da ƙwaƙwalwar aiki ta bayit 128 kacal, kuma masarrafinta, MOS 6507, ko umarnin rabawa ba shi da shi. Dabarar da ake yi ita ce LFSR: a ware bayit ɗaya, wato jerin ƙwayoyi takwas da kowacce 0 ce ko 1, a tura ƙwayoyinsa gefe da mataki ɗaya, idan wadda ta faɗo 1 ce sai a gauraya shi da wata tsayayyiyar lamba ta hanyar XOR, wato a gwada su ƙwaya da ƙwaya, inda suka bambanta a sa 1, inda suka yi daidai a sa 0. In an zaɓi lambar da kyau, sai ya zagaye lambobi 255 kafin ya maimaita. Da irin wannan mai tsara wasanni David Crane ya samar da fage 255 na wasan Pitfall! a 1982, abin da har yau ke burge ni. Kada dai ka fara da sifili, don nan zai maƙale.

Ka riƙa juya bayit ɗin ta wannan hanya duk lokacin da aka sabunta hoton allo, wato sau 60 a daƙiƙa a talabijin ɗin Amurka. Lokacin da yatsan mai wasa ya danna maɓalli shi ke yanke hukunci.

Inda ake yawan kuskure shi ne wajen mai da lambar ta koma shida. Ɗauki ƙwayoyi uku na ƙasa, za su ba ka 0 zuwa 7. In 6 ko 7 ta fito, watsar ka sake, sannan ka ƙara 1. Idan maimakon watsarwa ka naɗe 6 da 7 suka koma 0 da 1, 1 da 2 za su riƙa fitowa ninkin sauran. In dayis biyu ne, juya bayit ɗin sau takwas tsakaninsu.